Ɗiyar Fari da Furannin Ƙyalle

Masu tsokanata a ƙarƙashin hotunan da nake ɗorawa, kullum "Cima, ina labarin telan naki? Yaushe za mu fitar da anko?", to ku gyara zama. Yau zan ba ku amsa, sai dai ba irin wadda kuke jira ba ce. Wadda kuma yau ta fara cin karo da ni, sannu da zuwa, bari in gaya maki ko ni wace ce don kada ki ɓata a hanya.

Ni ƴar Gangara ce ta ƙasar Gazawa. An kai ni aure Gidan Sori, can yamma, amma Allah bai nufa zaman ya yi tsawo ba. Mijina Isaka ya kwanta ciwo damina ɗaya, ya rasu ya bar ni da jaririya a baya. Da na fita takaba na dawo gidanmu, danginshi suka ce in riƙe ta, Allah ya saka masu da alheri. Yanzu shekararta shida, bana ta shiga lakol, wato makarantar boko.

Sunanta Nusaiba. Kun ga na rubuta shi, ko? To rubutawar kawai na iya. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kakanninmu masu shanu ne kafin su zauna su kama noma. Shanun sun ƙare, kunyar ta zauna daram. Ɗan fari na kaka ne. Ba ki ɗaukar shi gaban mutane, ba ki yi mashi wasa, in ya faɗi kina kallo wani zai zo ya tashe shi. Ni "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma ta tashi ta ji ƙannena suna ce mani Adda, wato yaya, sai ta bi sahu. Mahaifiyata kuwa Inna take ce mata kamar kowa. A bayan Inna ta yi wayo, a ɗakin Inna take kwana. Amma ni ke yi mata kitso, ni ke taɓa goshinta in zazzaɓi ya taso, a ɓoye, kamar mai satar abin wani.

Ita ce ma sanadin wannan sana'a tawa. Wata ƙaramar Salla ta ga hoton bikin yaran birni a portabul ɗina, wayar hannu ke nan, da balan-balan da takardu masu ƙyalli, ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Adda, mu mi ya sa gidanmu ba ya yin haka?" Ba ni da abin sayen ko ɗaya daga ciki. Amma ina da almakashi, ina da ido. Na ɓare buhun siminti na takarda, na zaro fallen tsakiya mai tsabta, na yanka taurari. Ja daga ruwan zoɓo, shuɗi daga shunin wanki, rawaya daga gangamau. Gwangwanin tumatir na naɗe shi da ƙyalle ya zama mazubin fure. Tsohon faifan Inna da bakinshi ya zare na lulluɓe shi da atamfa na rataye a bango. Bidon, wato jarkar mai, da ya fashe na yanke cikinshi, yau nan ne gidan takalman yara, an huta da "ina ƙafa ɗaya?" kowace safiya. Maƙwabta suka gani, aka fara kirana suna da walima, har metires, malamar lakol, ta sa na yi wa ajinta ado.

Abin da ke yanke mani kullum shi ne ƙyalle. Shi ya kai ni atiliye, shagon wani tela, a kasuwar Gazawa, na tarar yana share guntaye da tsintsiya.

"Malam tela, waɗannan da kake sharewa ina kake kai su?"

"Bola. Ko kina da akuya mai cin atamfa?"

"Ina da ɗiya mai son fure."

Ku riƙe wannan da kyau. Maganar farko ke nan da ta shiga tsakanina da Falalu. A wajen gida, gaban baƙo, bakina bai yi nauyi ba.

Ya yi dariya ya cika mani leda. Kasuwa ta zagayo na tarar ya ware mani su launi-launi. Ta gaba kuma har ya yanka mani da'ira-da'ira don kada hannuna ya gaji. Daga nan sai lamba, daga lamba sai bokal, saƙon murya, kowace safiya: "Mai fure, kin tashi lafiya? Ya ƴar metires ɗinmu?" Ba zan yi maku ƙarya ba, na so shi. Har yanzu da nake rubutun nan ban ce na daina ba. Dogo ne, baƙi, da tef rataye a wuya ko masallaci zai je, kuma yana da irin dariyar da ke sa ki manta takaba kika taɓa yi. Ɗan Cadawa ne, bai taɓa aure ba, shi kaɗai ne namiji wurin mahaifiyarshi Hajiya Mariyama.

Da magana ta yi ƙarfi Hajiya ta ce sai ta zo ta gan ni da idonta. Ta zo da goro da sabulu, aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Inna. Ƙanwar babana, Gwaggo Saliha, wadda ba a taron da ba ta da kujera, ita ma ta hallara. Ina bakin ƙofa da kwanon fura, mayafi har hanci, sai ga yarinyar nan ta dawo daga lakol a guje. Ta faɗa cinyar Inna: "Inna, yunwa!" Ta waiwayo: "Adda, ina kwanona?"

Hajiya ta washe baki. "Masha Allah! Wannan ce autar taku? Allah ya ba ki ƴar tsufa mai ɗebe kewa."

Inna ta sunkuyar da kai, don ita ma kunya ba ta bari ta ce "jikata ce" gaban surukai. Ni kuma fa? Gaban uwata, gaban uwar saurayi, in buɗe baki in ce ni na haife ta? Kafin in haɗiye yawu Gwaggo ta cafe: "Ai kuwa ita ce ƙaramar gidan."

"To alhamdu lillahi," in ji Hajiya tana gyara zama. "Ni dama abin da na ce wa Falalu, bazawara ba aibu ba ce, mutuwa kan kowa take. Abin da ba na so agola. Na ga yadda ɗan wani ya raba gidan ƙanena biyu. Tunda wannan ba ta da kowa a bayanta, magana ta ƙare."

Furar nan ban san yadda ta kai ƙasa ba tare da ta zube ba.

Suna tafiya na shiga bayan rumbu na danna mashi bokal. Amsarshi ta zo a rubuce:

"Mai fure ki kwantar da hankali. Ni na sani ai, kuma ni zan aure ki ba Hajiya ba. Ki bari a ɗaura, zan gaya mata a hankali."

"Kafin a ɗaura," na rubuta.

"To. Ba ni lokaci kaɗan."

Lokaci kaɗan ɗin nan gero ya yi bununi a cikinshi, ya nuna, aka yanke, aka ɗaure. Duk sanda na tayar da maganar sai ya turo mani hoton shaddar da ya saya ta lefe.

A gida kuwa Gwaggo ta tasa ni gaba. "Ke wa ya ce dama da ita za ki tafi? Ɗiyar fari ta kaka ce. Ni ɗan farina ban san ranar da ya fitar da haƙori ba, ga shi can da gemu har ƙirji, ya mutu?"

"Gwaggo, barin ta wurin Inna daban, a ce ban haife ta ba daban. Kuma ni ko barin ma ban ce zan yi ba."

"Iye! Ji ƴar zamani. Saurayi sabo fil, mai sana'a a hannu, ya tsallake ƴanmatan Cadawa kaf ya zo ya ɗauki mai takaba, ke kuma kina ciniki? Rufe baki za ki yi na ɗan lokaci, ba wuƙa aka ce ki haɗiya ba."

Na dubi Inna. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. "Ki yi haƙuri, Cima," kawai ta ce.

Ana cikin haka ƙanwar Falalu, Hamdiya, ta haihu. Haihuwar fari, a gaban Hajiya take wanka, a nan za a yi taron suna. Hajiya da kanta ta kira ni. "Ƴata, Falalu ya nuna mani aikin hannunki. Ina so gidana ya fi na kowa a Cadawa, kuma ina so dangi su ga irin matar da muka samo."

Na ce to. Aiki aiki ne, kuma jaririn bai yi mani laifi ba.

Tsakar gidanmu ta koma kamar kasuwa. Igiyar shanya duk taurari. Tutoci ƴan ƙanana na ƙyalle, masu kusurwa uku, na jera su a zaren buhu, kore, ruwan goro, fari, kore kuma. Karan gero sabon yanka na fere shi na haɗa ƙofar shiga mai lanƙwasa, wadda za a kwance a ɗaure ta faggo ɗaya. Marafan kwalba kuwa aikin yarinyar nan ne. Ita ke tsinto su wurin mai shago, in buga su da dutse su baje, in huda, ita ta naɗe kowane da da'irar ƙyalle ta zura a zare. In iska ta kaɗa sai su riƙa ƙara siririya kamar awarwaro. Ita ce ma ta gano cewa ledar ruwan sanyi, in an wanke an yayyanka bakinta an murɗe, fure take zama fari tas. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Ga shawara kyauta, ku masu yara da dabbobi a gida ɗaya: kada ku kuskura ku liƙa takarda da kunun rogo. Na yi wannan kuskuren da fari, na shiga ɗaki sallar azahar, na fito na tarar akuyar Gwaggo ta cinye taurari rabin igiya tana lasar baki, leɓenta shuɗi.

"Akuyarki ta ci aikina, Gwaggo!"

"To ke wa ya ce ki yi ado da abinci? Ita ma baƙuwar suna ce, ta riga ku ci."

Tun daga ranar ƙaro nake jiƙawa, in tafasa ganyen bedi, wato dogon yaro, in zuba ruwan a ciki. Yana kamawa fiye da kunu, kuma ɗacin ba akuya kaɗai ba, ko yaro mai rarrafe sau ɗaya zai kai baki. A inuwa kuma ake shanya mai launin zoɓo, rana na kashe shi.

Falalu ya kawo buhun ƙyalle na ƙarshe a kan moto, babur ɗin nan nashi. Gidan cike da mata, don haka bai shigo ba. Ya zauna gindin bedin ƙofar gida, yarinyar nan ta fita ta same shi kamar yadda ta saba. Ta dawo da alewar bombo cike da hannu tana tsalle. Na ji daɗi har raina. Na ce ko ba komai yana son ta.

Ana gobe tafiya tana zura marafai ta ce, "Adda, ni ma zan ga inda za a rataye nawa?"

"Ba inda za ki," Gwaggo ta amsa daga kan turmi. "Yara ba su zuwa gidan surukai."

Yarinyar nan ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da zurawa, sai dai hannun ya rage sauri. Na dubi yatsunta, duk sun rine da shuni, ɗaya har da ɗan yanka na marfi. Na tashi na shiga ɗaki, na ciro atamfar da zan sa, kore mai zanen ganye ruwan goro. Akwai ragowar da na ajiye don ɗankwali na biyu. Na zauna da allura na haɗa mata ƴar riga mai tattara a ƙugu.

Da safe muka fito iri ɗaya. Gwaggo ta saki salati. "Cima, so kike ki kashe auren nan tun ba a ɗaura ba? Anko da ita?"

"Ita ta yi rabin aikin, Gwaggo. Ba a hana ma'aikaci ganin aikinshi."

"Ke kika sani. In kin dawo da kuka kada ki biyo ta ɗakina."

Kabu-kabu, mai babur ɗin haya, ya kai mu Gazawa, kaya a gaba, ita a tsakiya ta rungume buhun furanni. Daga nan mota, muka ratsa Agiye, hantsi bai gama ɗagawa ba muna Cadawa. An riga an raɗa suna, maza sun watse, raguna na rataye, mata sai da la'asar za su cika gida. Muka kama aiki. Na ɗaure ƙofar kara a bakin rumfa, na ja tutoci daga rumfa zuwa katanga, faya-fayai masu atamfa a bangon ɗakin mai jego, gwangwanaye da fararen furanni a kan kowace tabarma. Ni ina kan turmi ina ɗaurawa, ita tana ƙasa tana miƙo mani tana ba da umarni: "Adda, wancan ya karkace. A'a, ɗaya gefen."

Portabul ya yi ƙara a ƙugu. Falalu ne, yana can waje wurin masu fiɗa.

"Na hango ku. Kin zo da ita?"

Wani saƙon ya biyo: "Har da kaya iri ɗaya, Mai fure?"

Na rubuta, "Ka gaya wa Hajiya?"

Ya karanta. Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba.

La'asar na yi gida ya cika. Leshi, shadda, turare, yara na bin juna ƙarƙashin tutoci suna tsalle su taɓa marafai. Duk wadda ta shigo ta ƙofar karan nan sai ta tsaya ta ɗaga kai. Wata ta rantse daga Maradi aka yo hayar kayan. Hajiya ta riƙe hannuna tana zagayawa da ni tabarma-tabarma, ta sha wani leshi ruwan zuma, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Ku taɓa ku ji! Buhun siminti ne wannan. Wannan kuma ledar ruwa, wallahi ledar da kuke yarwa. Irin matar da ke riƙe gida ke nan, ba masu kwana kan portabul ba."

Muka iso wurin wata dattijuwa mai tabarau, yayar Hajiya, ana ce mata Hajiya Babba. Na durƙusa na gaishe ta. Yarinyar nan na manne da zanena. Tsohuwar ta sauke tabarau ta dube ni, ta dube ta, ta sake dubana.

"Ikon Allah. Mariyama, wannan kamar an tsaga kara. Har dimple ɗin..." ta taɓa kumatunta, "har ramin kumatun iri ɗaya."

"Autarsu ce," in ji Hajiya. "Ita ta taya ta aikin."

"Auta? Zo nan, ƴar ƙawata." Ta jawo ta da wasa irin na kakanni. "Gaya mani gaskiya in ba ki nama. Wace ce mamarki?"

Yarinyar nan ta miƙe tsaye cak, ta haɗa hannu a baya kamar gaban metires. Ta ɗaga murya yadda ake bitar karatu:

"Inna ce mamata. Adda yayata ce. Ni ba ni da wata mama."

Mata suka fashe da dariya. "Kai, wannan da wayo take!" Hajiya Babba ta miƙa mata tsoka. Hajiya ta juya wurin wasu baƙi da suka shigo. Magana ta wuce, ba wanda ya tsaya a kanta.

Sai na ji an ja gefen mayafina. Na sunkuya. Ta kawo baki kunnena, numfashinta na ƙanshin nama.

"Adda, na faɗa daidai? Kawu Falalu ya ce in na faɗa daidai ba za ki yi kuka ba, kuma zai ɗinka mani riga mai fiffike."

Ƴan'uwa, ban san yadda zan kwatanta maku ba. Ba zafi na ji ba, sanyi na ji, tun daga tafin ƙafa. Ni ina can ina murna ya ba ta bombo, ashe karatu yake biya mata a gindin bedi. Yarinya ƴar shekara shida, marainiya, an ɗora mata aikin tsare hawayena da bakinta. Kuma ta yi, ta haddace tsaf, tana kallona da idanun nan tana jiran in ce ta ci jarrabawa.

Na san abin da ke gabana. In na yi shiru, shi ke nan, an wuce wurin. Lefe zai zo, a ɗaura, in tare a gidan nan mai siminti da famfo. Ita kuma duk hutun lakol da za ta zo, sai ta sake wannan bitar a bakin ƙofa.

Na miƙe.

"Nusaiba."

Sunan ya fito mani wani iri, kamar na sa takalmin da ban taɓa sawa ba. Ita kanta sai da ta waiga ta ga ko wata ce ta kira ta.

"Nusaiba, zo nan." Na sunkuce ta na ɗora a ƙugu, ƙatuwa da ita, ƙafafunta har gwiwata, gaban matan Cadawa kaf. "Hajiya, ki gafarce ni, ina da magana."

Hajiya ta juyo da murmushinta.

"Wannan ba autarmu ba ce. Ɗiyata ce. Ni na haife ta a Gidan Sori, ubanta Isaka Allah ya jiƙan shi. Ɗiyar fari ce, shi ya sa take ce mani Adda, shi ya sa ranar da kika zo na kasa buɗe baki gaban mahaifiyata. Kunya ce ta gidanmu, ba ƙarya muka shirya maki ba. Amma yau na ji an koya mata ta ce ba ta da ni, wannan kuwa ba kunya ba ce, kuma ba zan ɗauka ba."

Har masu kwasar tuwo suka tsaya da mara a hannu. Wata daga baya ta ce, "La ilaha illallahu." Hamdiya ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa.

Murmushin Hajiya ya tafi a hankali. "Wa ya koya mata?"

Nusaiba ta cusa fuska a wuyana.

"Falalu ya san da ita?"

"Tun kafin ya san sunana."

Hajiya Babba ta mayar da tabarau. "Ni dai na ce kamar an tsaga kara. Ido bai tsufa ba." Ba wadda ta yi dariya.

"Ku kira mani Falalu," in ji Hajiya, ba ta ɗaga murya ba.

Na ce, "Hajiya, wannan tsakaninki da ɗanki ne, ba zan tsaya ba. Taron Hamdiya ne, ban zo ɓata shi ba. Kayan ado na bar wa jariri, in an gama a ba yara su yi wasa. Allah ya raya." Na durƙusa da yarinya a ƙugu, na tashi, na bi ta tsakiyar tabarmi. Mata na janye ƙafafu suna ba ni hanya.

A zaure muka yi kiciɓis da shi, hannunshi duk maiƙo, fuskarshi ta nuna labari ya riga ni fita.

"Mai fure, mi kika yi? Saura kaɗan fa! Na ce ki ba ni lokaci."

"Na ba ka. Kai kuma ka ɗauka ka je ka zauna da ɗiyata gindin bedi."

"Don ke na yi. Don mu. Wallahi ina son yarinyar nan, kin sani."

"Na sani. Shi ya sa ta yarda da kai." Na gyara mata zama a ƙugu. "Da ni ka ce in yi ƙaryar, Falalu, da sai mu yi faɗa mu shirya. Ita ka sa. Matsa mani in wuce, Hajiya na kiran ka."

Ya matsa.

Mun samu motar Gazawa ta ƙarshe kafin rana ta faɗi, muka matse a baya tsakanin buhunan wake. Portabul sai zuga yake. Gwaggo, ko wa ya kai mata oho: "Kin kyauta. Kin zubar mana da mutunci har Cadawa." Falalu kuwa bokal kan bokal, ban buɗe ko ɗaya ba. Muna wuce Agiye Nusaiba ta ce, "Na ɓata ne?"

"Ba ki ɓata komai ba. Manya ne suka ɓata. Daga yau duk wanda ya tambaye ki, ko waye, gaskiya za ki faɗa, ko da zan yi kuka. Kukana ba aikinki ba ne. Kin ji?"

Ta gyaɗa kai. Ba a jima ba barci ya kwashe ta a cinyata, tsokar nan har yanzu a dunƙule cikin hannunta.

Mun kusa shiga Gazawa kira ya shigo. Lambar Falalu. Na bari ya katse. Ya sake shigowa. A na uku na ɗauka don in ce ya bar ni in kai yarinya gida.

"Ba shi ba ne, ni ce." Muryar Hajiya. Bayanta ina jin hayaniyar taro. "Na karɓe wayar, shi ba shi da bakin magana yau. Kin tsaya tsakar gidana, gaban dangina, kin kwance mani zane."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Wurin da aka tambaye ta, nan na amsa."

Na ji ta matsa nesa da hayaniyar taron.

"Ban ce na yarda ba, ban ce na fasa ba. Ranar kasuwarku ina nan zuwa Gangara, ni da Hajiya Babba. Ki gaya wa mahaifiyarki. Wancan zuwan an bar ni na yi magana cikin duhu, wannan karon da ke zan yi, ba da gwaggonki ba."

Na dubi kan da ke cinyata, kitson da na yi mata ya fara tsufa ta gefen kunne.

"Allah ya kawo ku lafiya, Hajiya. Tabarma na nan, fura na nan. Sai dai gara ki sani tun daga nan, don kada ki sha wahalar hanya a banza: ba kujera ɗaya za ku tanada a Cadawa ba. Mu biyu ne. In gidan ba zai ɗauke mu ba, kada a kawo lefe."

Na ji ta ja dogon numfashi.

"Ke dai ki dama furar," ta ce, ta kashe.